Shekara Biyun da Ba Nawa Ba

Tun ina aji ɗaya ni ne ƙarami a kowane layi. In an jera mu da safe a filin makaranta, ni ake turowa gaba don kada in ɓace cikin ƙafafun mutane. Amma takardar haihuwata ta ce shekarata bakwai cif ranar da Baba ya kai ni, kuma takarda ce ta gaske, ta asibitin Gadarif, da hatimi da sa hannu, Inna na ajiye ta cikin leda biyu a ƙasan akwati. Yawancin yaran unguwarmu ba su da irinta. Tasnin aka yi musu, wato a kai yaro gaban likita ya dube shi ya ƙiyasta shekarunsa, a rubuta masa ɗaya ga watan ɗaya a sallame shi. Rabin ajinmu rana ɗaya aka haife su. Ni kuwa ina da ranata ina da watana, kuma ban bar kowa ya manta da haka ba.

Jikina ne kawai bai san da zancen takardar ba. Abokaina suka gama famfara, sababbin haƙora suka fito musu manya-manya, ni ina nan da haƙoran nono. Inna ta ce jinin gidansu ne, kawunta ma haka yake, sai da ya yi aure ya ƙara tsawo. Na yarda, tunda ban taɓa ganin kawun ba.

Ƙwallo a wurinmu da safa ake farawa, a cusa tsumma a ɗaure. Filin unguwarmu baƙar ƙasa ce, da rani ta tsage har ƙafar yaro ta shige, da damina ta kama takalmi ta riƙe. A kansa na koyi wasa cikin yaran da kowannensu zai iya ɗaga ni da hannu ɗaya. In na riƙe ƙwallo na daƙiƙa biyu, zan tsinci kaina a ƙasa ina tofar da laka. Don haka na koyi duba inda zan miƙa ta tun kafin ta iso ni. Daga baya mutane suka riƙa cewa ina da ido. Tsoron duka ne ya ba ni idon, ba wata baiwa ba.

Abin da ban koya ba shi ne haƙuri. In aka ce ƙwallo ta fita a ƙafata alhali ba ta fita ba, to wasa ya tsaya ke nan sai an yi shari'a. Zan rantse, zan kira shaidu, zan bi mutum har ƙofar gidansu ina masa bayani. A ture ni in faɗi, wannan ba komai. A ce na yi abin da ban yi ba, shi ne ba na iya haɗiyewa. A shekarata ta farko a sakandare jan kati biyu na karɓa, duka a baki, ba wanda na taɓa.

A aji biyu na sakandare, lokacin da kowa ya gama tsawo ya fara lissafin gashin gemunsa, ni sai na miƙe. Wando ya ɗage, murya ta fashe, Inna ta ce ai ta faɗa, jinin kawunta ne. Da muka shiga ajin ƙarshe ni ne mai raba ƙwallo a tsakiyar ƙungiyar makaranta.

A wannan shekarar ce kuma jami'a ta shige mini rai. Kakan kakana da ƙafa ya taso daga yamma zai je Makka, ya tsaya nan don ya yi noman damina ɗaya ya sami guzuri, kuma daminar ba ta ƙare ba har yau. Tun daga kansa lauje ne sana'ar gidanmu. Ba wanda ya taɓa wuce sakandare. Ina son jami'a sosai, amma in ka tambaye ni me zan karanta, amsar ta danganta da ranar. Ranar da muka ci wasa, malamin wasanni zan zama. Ranar da Baba ya dawo daga gona yana faɗan riɗi ya zube, aikin gona zan karanta in samo irin da ba ya fashewa. Abin da na tabbatar kawai shi ne sai na zauna jarrabawar shahada, ta takardar gama sakandare, a wannan shekarar, in ci, in shiga ta ƙofar nan da nake ganin ɗalibai na fitowa da littafi ɗaya tak a hannu kamar ba su da wata damuwa a duniya.

Ana nan sai gasar makarantu ta zo, ta 'yan ƙasa da shekara goma sha bakwai. Ni a takarda sha takwas ne, na san babu ni. Malamin wasanninmu, wanda kowa ke kira Ustaz kawai kamar babu wani malami a makarantar, ya kira ni bayan atisaye. Mutum ne siriri mai usur a wuya ko a masallaci.

Ya ce, "Ya walad, ka taɓa duba fuskarka a madubi? Wa zai ce ka kai sha takwas? Gobe za ka je tasnin. Ka ce a gona aka haife ka, ba ka da takarda. Halas, shi ke nan."

Na ce, "Ya Ustaz, ai ina da takarda, ta asibiti ma."

"Ka bar ta ta huta a akwati. Duk makarantun nan haka suke yi. Ka ga mai tsaron bayansu na bara? 'Ya'yansa biyu, wallahi."

Na san ƙarya ce, na kuma tafi. Ba zan ce an tilasta ni ba, ina son in buga. Likitan dattijo ne mai tabarau a kan hanci. Ya ce in buɗe baki, ya leƙa har can ƙurya, ya matsa wuyan hannuna, ya dube ni sama da ƙasa. Ya tambayi inda aka haife ni, na ce a gona wajen Doka, domin shi ne abin da ya fara zuwa bakina. Ya rubuta sha shida. Na fito ina dariya a cikina, ina cewa ashe karatun likita ma ba wani abu ba ne, tunda yaro kamata ya yi masa wayo da baki ɗaya.

Dariyar ba ta daɗe ba. Duk wasan da muka buga, in alƙalin wasa ya zo duba takardu sai in laɓe a bayan sauran. Na daina musu gaba ɗaya, ko an ture ni a gaban idonsa sai in tashi in kakkaɓe, don kada ya ƙara kallon fuskata. Ustaz ya riƙa nuna ni ga sauran yana cewa su ga yadda mutum ke girma ya yi hankali. Ban san yadda zan gaya masa cewa hankalin ɓarawo ne ba.

Muka kai wasan ƙarshe muka ci ɗaya da nema. Ni na miƙa ƙwallon da aka jefa, amma wanda ya ci mana kofin a gaskiya golanmu ne, abokina tun ƙwallon safa, wanda ya ture fenariti ana saura minti kaɗan. Shi karatu bai karɓe shi ba, shi ma bai matsa masa ba. Duk burinsa a ɗauke shi ƙungiyar jiha, kuma daga makarantar da ta ci kofi ake fara ɗiba. Ranar ya ɗauke ni a kafaɗa ya zagaya fili da ni.

Kwana huɗu bayan haka waɗanda muka doke suka shigar da ƙara. Wani yaronsu da muka yi firamare tare ya tuna da ni, ya tuna da ranata da watana da na cika wa kowa kunne da su. Kwamitin gasa ya nemi fayil ɗina na makaranta, aka ga sha takwas. Aka sa ranar Laraba za a zauna, aka ce in zo da mahaifina.

Lokacin yankan riɗi ne, Baba na gona. Yana da ɗan fili a gefen wata babbar gonar injina kusa da Doka, kuma wanda ya san riɗi ya san in ya yi ja kwanaki kaɗan gare ka, in ka yi jinkiri kwanso ya buɗe, ƙasa ta cinye wahalarka ta shekara. A irin kwanakin nan ko biki ba a gaya wa Baba. Na hau bayan lori da sassafe tare da 'yan ƙwadago masu zuwa Fashaga, ina ta shirya yadda zan fara magana, duk inda na fara sai in ga ba kyau.

Na same shi a duƙe cikin kunyoyin gona, dammunan riɗi a jingine tsaye bayansa. Bai ɗago ba ya ce, "Lafiya? Innarka?" Na ce lafiya lau. Sai na zube masa komai a tsaye, da tasnin, da kofi, da ƙara. Na ce na yi ƙarya, na rage shekara biyu, na ce a gona aka haife ni. Na jira laujen ya juyo ta ƙota.

Ya yanka damƙa ɗaya, ya ɗaure, ya ajiye. Ya ce, "Nawa likitan ya ba ka?"

"Sha shida."

Ya yanka wata damƙar, ya yanka wata, har na ɗauka ya manta da ni. Can ya ce, "Likitan nan ya san aikinsa." Ya nuna wata bishiyar ƙaya a bakin gonar da bakin laujen. "Can rumfar take a lokacin. Koma gida, ka ce wa innarka in ji ni ta buɗe maka gafaka. Laraba zan zo." Ya ci gaba da yanka.

Na tsaya ina kallon bishiyar kamar za ta yi mini ƙarin bayani. Wace rumfa? Wane lokaci? Na koma bakin hanya na hau wata lorin da ta ɗauko buhuna, har muka shiga Gadarif ban fahimci ko yafe mini Baba ya yi ko zagina ba.

Inna na tuyar kisra, wainar dawarmu ta nan, a tsakar gida na gaya mata saƙon. Ta sauke hannunta, wadda ke kan wuta ta ƙone tana kallo. Ta wanke hannu, ta shiga ɗaki, ta ciro gafakar Alƙur'anin Baba daga inda yake rataye ta. A bangon baya akwai 'yar takarda mai launin ƙasa inda Baba ke rubuta haihuwar gidan da ajami. Na sha ganinta, ban taɓa tsayawa karantawa ba, domin rubutun Baba sai shi.

Ta ɗora yatsa a wani layi. Na haɗa baƙaƙen a hankali. Sunana ne, an haife shi a asibiti ranar Lahadi. A ƙarƙashinsa da ƙaramin rubutu an sa: ya koma. Ta sauko da yatsan layi ɗaya. Sunana ne kuma, harafi da harafi. Talata, cikin azumi, ana yankan riɗi, a Doka.

Na san Inna ta taɓa rasa ɗa kafin ni, kamar yadda yaro ke sanin irin wannan abu ba tare da an zaunar da shi ba. Ban san namiji ba ne, ban san ya yi shekara ɗaya da rabi ba, ban san har ya fara tafiya yana kama zaninta ba. Ban san sunana nasa ba ne.

Ta ce, "Zazzaɓi ne, kwana uku. Ina da cikinka lokacin. Da ka zo a gona, babanka ya ce a mayar da sunan, ni ma haka nake so. Wa zai bar riɗi ya je neman takarda? Ga wata a akwati, sunan ɗaya, uban ɗaya."

Na ce, "To me ya sa kuka kai ni makaranta ina shekara biyar?"

"Mudir, shugaban makarantar, ya ce in takarda ta wuce bakwai ba za su karɓa ba. Takardar ce ta isa shiga, kai ba ka isa ba, sai muka haɗa ku." Ta ɗan yi murmushi. "Kana ta kuka, jakar ta fi ka."

"Kawunki fa, wanda ya ƙara tsawo bayan aure?"

"Shi gajere ya mutu, Allah ya jiƙansa."

Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba, sai na zauna a bakin gado. Takardar da na yi shekara goma sha ɗaya ina taƙama da ita ba tawa ba ce. Wadda na je na yi ƙarya na samo, na kwana ina istigfari a kanta, ita ce ta faɗi gaskiya, har da gonar da na ƙirƙira. To na yi ƙarya ke nan ko ban yi ba? Na yi niyyarta dai, na kuma furta ta, amma abin da ya fito daga bakina haka yake. Har yau in na tuna kaina sai ya ɗaure.

Da wannan ruɗun ya ɗan lafa sai murna ta taso mini, murna mai zafi. Ashe ban cuci kowa ba. Kofin namu ne halak malak. Na miƙe na ce wa Inna ranar Laraba Baba zai rantse, za a gyara komai, waɗancan za su ji kunya. Tana mayar da Alƙur'anin cikin gafaka ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "In an gyara, za su karɓe ta asibitin?" Na ce ban sani ba. Ta ce to, ta koma kan kisrarta.

Washegari na je wurin magatakardan makaranta, mai riƙe da fayilolinmu, na tambaye shi kamar zancen wani nake yi. Ya saurara, ya cire tabarau, ya ce, "Gaya wa wannan abokin naka ya buɗe kunne." Sai an je kotu da shaidu biyu. Sai an kawo takardar mutuwar mai takardar, wadda na san ba a taɓa yi ba. Sai an soke ta asibitin, an canja shahadar firamare, an canja lambar ƙasa. Watanni ne in an yi sa'a. Rajistar jarrabawa kuwa Alhamis za a rufe, kuma muddin aka rubuta a gaban kwamiti cewa takardar ɗalibi ta mamaci ce, makaranta ba za ta miƙa sunansa ba sai an gama gyara. Ya rage murya ya ƙara da Hausa, domin shi ma namu ne: "Kuma ka san mu. Ka kai takarda mai tabo ɗaya, sai a fara tambayar ta kakanka."

Na tafi wurin Ustaz na gaya masa duka. Da farko tsalle ya yi, ya buga tafi, ya ce ai shi idonsa ba ya ƙarya. Da na kai zancen Alhamis sai ya zauna a kan buhun ƙwallaye. Shi ma wuyansa na ciki, domin shi ya tura ni tasnin. Na jira ya ce mini yi kaza, ko wanne ne, in huta. Ya juya usur ɗinsa ya juya, ya ce, "Wallahi ya walad, ni ma ban sani ba."

Da la'asar golanmu ya same ni a bakin fili. Ya ce, "Ya zol, mutumina, gaya min tsakani da Allah, za su ƙwace?" Na ce sai Laraba. Ya ce in dai akwai abin da zan iya yi, in yi, shi ba shi da wata ƙofa sai wannan. Na ce to. Na so in gaya masa, amma bakinsa ba ya riƙe ruwa, in ya ji da la'asar kafin magariba kasuwar hatsi ta ji.

Kwana biyu ina juya abin. In na tuna fuskar yaron da ya kai ƙarata sai in ce rantsuwa za a yi, jarrabawa ta jira baɗi, ai sha shida nake, ina da lokaci. In na tuna maganar magatakarda sai in ga baɗin ba ta da tabbas, na san waɗanda takardunsu suka shiga gyara suka fito da furfura. In na shiga gida na ga akwatin Inna sai duk lissafin ya watse.

Laraba Baba ya iso da ƙaiƙayin riɗi a jallabiyarsa. A ƙofar ofishin na gaya masa abin da magatakarda ya ce. Ya saurara har ƙarshe ya ce, "Ni na haɗa wannan abu, ba kai ba. Amma ba zan ƙara ƙarya a kan ƙarya ba. In suka tambaye ni, abin da ke cikin gafaka zan faɗa. In ba ka so, kada ka bari tambaya ta iso kaina."

Na ce, "Kai wanne kake so, Baba?"

"Ni riɗina nake so in koma."

Mutum uku ne a bayan tebur, fanka na juyawa a sama ba ta kawo iska. Ga takardun biyu a ajiye gefe da gefe. Ustaz na jingine da bango yana nazarin rufin ɗaki. Har muka zauna ban yanke komai ba, wannan ita ce gaskiya. Shugaban ya ɗaga takardun ya juya wajen Baba, ya buɗe baki ya ce, "Ya hajj…"

Na ji muryata ta riga shi. Na ce, "Sha takwas nake. Ta asibitin ce tawa. Ni na je tasnin na yi ƙarya, mahaifina bai sani ba."

Shugaban ya dube ni ya ce aƙalla na rage musu aiki. Ya yi mini wa'azi mai tsawo a kan amana da cin haƙƙin yara ƙanana. Ni da nake bin mutum har gida a kan ƙwallon da ta fita, na sunkuyar da kai ina cewa na'am. Na danne harshena da haƙori har na ji ɗanɗanon jini. Aka ƙwace kofin, aka hana ni gasar makarantu, aka ɗauke Ustaz daga wasanni zuwa ƙarshen shekara. Ba a tambayi Baba komai ba. A waje Ustaz ya wuce ta gefena ya ce, "Gobe Alhamis, ka zo da hotunanka," bai tsaya ba.

Sauran shekarar ba daɗi. Aka sa mini suna Tsoho. In na wuce sai a ce a ba dattijo hanya, a tambaye ni lafiyar jikoki. Yaran da na girme su a takarda, suka girme ni a wurin Allah, su ne masu kiran. Golanmu bai taɓa kirana da sunan ba, bai kuma ƙara kirana da wani ba. Ba a ɗauke shi ƙungiyar jiha ba. Yanzu lori yake tuƙawa tsakanin Doka da Fashaga, in mun haɗu muna gaisawa mu tambayi iyali. Ban gaya masa ba har yau. Da farko tsoro ne ya hana ni, daga baya kuma na rasa ta inda zan ce masa ina da gaskiyar da za ta cece shi na riƙe.

Tunda ba fili, sai na zauna na yi karatu, fushin duk na juye shi a kan littafi. Wani malami ya ce wa ajinmu wannan abu ya gyara ni, na zama mutum. Wataƙila. Na dai daina musu, wannan kam haka ne, ko a raksha, keken haya mai ƙafa uku, aka taka ni sai in janye ƙafa. Amma ko girma ne ko kunya, ban iya bambancewa ba. Haka kuma in aka tsare ni aka ce don me na yi maganar nan a gaban kwamiti, don jami'a, ko don Inna, ko don tsoron a tono kakana, ba ni da amsa ɗaya. Wata rana in ce wannan, wata rana in ce wancan.

Na ci jarrabawar, aka ba ni aikin gona a wata jami'a nesa da gida. Ranar da na kawo takardar shiga Baba ya karɓa ya juya ta gaba da baya, ya ce madalla, ya tambaya ko a can za a koya mana maganin tsuntsu. Inna ta goge hannu a zani ta karɓa da hannu biyu. Karatunta na allo ne, amma ya isa ta gane sunan. Ta bi shi da yatsa, ta sauko ƙasa inda lambobi suke ta ce in karanta mata. Na karanta mata ranar da watan.

Ta ce, "Ruwa aka kwana ana yi ranar. Babanka ya ɗauko ni a amalanke, ƙafar jakin na nutsewa." Ban taɓa jin ta ba da labarin ba. Ta naɗe takardar yadda take a da, ta miƙo mini.

Ranar tafiya ta haɗa mini busasshiyar kuɓewa da gyaɗa da tulin nasiha. Sai ta buɗe akwati ta ciro ta asibitin cikin ledarta biyu, domin an ce a zo da ta asali wurin rajista. Shekara goma sha takwas ba ta taɓa kwana a wajen ɗakin nan ba. Ta sa mini ita a aljihun gaba da kanta, ta ɓalla maɓallin, ta bar tafin hannunta a wurin.

Ta ce, "Ka kula min da shi. Bai taɓa fita garin nan ba."